Yadda Ake Neman Mai Gyaran Gilashin Mota, Daga Tabon Tsakuwa Zuwa Canjin Gilashin Gaba

Ina bin bayan wata tifa a tsakanin Kwanar Dangora da Kura, kan hanyar Zariya zuwa Kano, sai na ji "ƙas!" a gilashin gaba. Da na tsaya na duba, tabon bai fi ƙwayar masara ba, yana can gefen fasinja. Na ce ai wannan ba ya hana tuƙi, na ci gaba da harkokina har kusan sati uku. Wata safiya ta hunturu na fito na tarar layi ya tashi daga wannan tabo ya ratsa har gaban sitiyari. Gyaran rabin sa'a ya zama canjin gilashi sukutum. Canjin ma bai yi daɗi ba: wanda ya fara ɗora mini sabon ya yi aikin da gam ɗin da bai dace ba, damina na sauka ruwa ya riƙa bin gefen dashbod yana jiƙa kafet, sai da aka sake cire gilashin. Abin da na koya a waɗannan tafiye-tafiye biyu, da abin da na gani a garejoji bayan haka, shi zan shimfiɗa a nan daki-daki.

Mataki na farko: abin da za ka yi a minti goma na farko

Da zarar dutse ya sari gilashi, ka sami wuri ka tsaya, ka goge wurin da busasshen ƙyalle a hankali, ka manna farin selotef a kai ta waje. Selotef ba ya hana tsagewa, aikinsa shi ne hana ƙura da ruwa shiga ramin. Ramin da ƙura ta cika ba ya karɓar magani yadda ya kamata, kuma a garuruwanmu kwana biyu ya isa ƙura ta cika shi. Kada ka ɗiga sufa-gulu ko jan farce, domin suna toshe bakin ramin su bar cikinsa fanko, mai gyara kuma ya rasa ta inda zai tura nasa maganin. Ka ɗauki hoton tabon da waya, ka ajiye murfin kwalbar lemo kusa da shi don girmansa ya fito.

Daga nan har zuwa lokacin gyara, abokin gabarka shi ne canjin zafi da sanyi farat ɗaya. Motar da ta wuni a ranar bazara, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, in ka shiga ka sake mata sanyin esi a kan gilashi, fuskar ciki ta tsuke ta waje na nan a buɗe, tabon sai ya ja layi. Haka in ka watsa ruwan sanyi a gilashi mai zafi wajen wanki. Ka nemi inuwa, ka sauke gilasan gefe iska ta fita kafin ka kunna esi, ka karkata sanyin zuwa ƙafa, ka rage gudu a ramuka, ka daina buga ƙofa.

Mataki na biyu: gyara ne ko canji

Kafin ka je wurin kowa, ya kamata ka san amsar wannan da kanka, don mai sayar da gilashi canji zai ce, ko da gyara zai wadatar.

Gilashin gaba ba falle ɗaya ba ne. Falle biyu ne aka haɗa, da wata siririyar roba mai suna PVB a tsakiya, kaurinta bai kai milimita ɗaya ba. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar wannan dabara ta gilashi mai falle-falle a 1909. Saboda wannan robar ce gilashin gaba ke tsagewa amma ya tsaya a wurinsa, ba ya zubo wa direba a fuska. Saboda ita kuma ake iya gyara shi: in dutse ya sari fallen waje kaɗai, ana zuƙe iskar da ke cikin ramin, a tura wani ruwan gam mai haske kamar gilashi, a busar da shi da fitila ta musamman ko hasken rana, a kankare da reza. Gilasan ƙofofi da na baya a yawancin motoci wani iri ne daban, an gasa su ne da wuta aka sanyaya da sauri, shi ya sa in sun fashe suke rududdugewa kamar tsakuwa. Waɗannan ba su da gyara, sai canji.

Ma'aunin da masu sana'ar ke bi a wurare da yawa shi ne: tabon da murfin kwalbar lemo zai rufe, wato kusan santimita 2.5, yana gyaruwa. Tsagar da ba ta wuce tsawon takardar naira 1,000 ba, kusan santimita 15, akan iya tsayar da ita in sabuwa ce. Amma akwai wurare uku da ba na yarda da gyara ko da tabon ƙarami ne. Na ɗaya, in yana daidai inda idon direba ke kallo, domin gyara komai kyansa yana barin ɗan tabo da ke watsa hasken fitilar motar da ke tahowa da dare. Na biyu, in tsagar ta kai bakin gilashi, domin nan ne nauyi da murɗawar jikin mota ke taruwa, kuma irin wannan tsaga ba ta tsayawa. Na uku, in ka shafa ta ciki ka ji kaifi, ma'ana ta ratsa fallen ciki. Haka in gilashin ya tsufa ya cika da ƙananan huji na yashi har rana na kashe maka ido da la'asar, ka canza shi kawai.

Ka sani kuma cewa tuƙi da fasasshen gilashin gaba laifi ne a jerin laifukan da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ke kama mutane a kai, kuma jami'an duba lafiyar motoci, VIO, ma suna dubawa.

Mataki na uku: tattara bayanan motarka

Wannan shi ne inda mutane da yawa ke tafka asara. Ka je ka ce "gilashin Corolla nake so", a ba ka na wata shekara ko na wata ƙasa, a matsa shi da ƙarfi a cike giɓin da gam. Motocinmu na hannu sun fito daga wurare daban-daban: wasu daga Amurka, wasu daga Turai ta Kwatano, wasu daga Dubai. Mota ɗaya, suna ɗaya, shekara ɗaya, amma jikinta na iya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa.

Ka rubuta sunan mota da shekararta, da lambar chasis mai haruffa da lambobi 17, wadda galibi ake gani ta ƙasan gilashin gaba a gefen direba, tana kuma cikin takardun mota. Sannan ka duba bayan madubin tsakiya. In madubi ne kawai manne, aikinka mai sauƙi ne. In kuwa akwai akwatin roba, to akwai na'urar jin ruwan sama mai kunna waifa da kanta, ko kyamara, ko duka biyu. Corolla ɗin Amurka daga 2017 da Camry daga 2018, alal misali, suna zuwa da kyamarar da ke lura da layin titi da motar da ke gaba. Irin waɗannan suna buƙatar gilashi mai mazaunin kyamarar daidai. Ka duba ko akwai shuɗin layi mai tare rana a sama, ko siraran wayoyi a cikin gilashin. Daga ƙarshe ka ɗauki hoton tambarin da ke kusurwar ƙasa ta tsohon gilashin. Da wannan hoton da lambar chasis, rabin gardamar kasuwa ta ƙare.

In kana da inshora, ka kira su kafin ka taɓa komai. Inshorar da yawancinmu ke yanka, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga motar gida daga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ta biyan gilashinka. Cikakkiyar inshora ce ke iya biya, kuma kamfanin zai so hoto, wataƙila ma ya tura ka wurin mai gyaran da yake hulɗa da shi. In ka riga ka canza kafin ka sanar, kana iya rasa kuɗin.

Mataki na huɗu: ina ake samun masu aikin

Masu gilashi suna zama ne inda kayan gyaran mota suke. A Kano akwai Ƙofar Ruwa, a Kaduna akwai Panteka, a Abuja akwai unguwar makanikai ta Apo. Kaya da yawa daga Legas suke haurowa, daga Ladipo da kasuwar Trade Fair. Amma sanin kasuwa daban, sanin mutum daban. In ka faka a bakin kasuwa da tsagaggen gilashi, 'yan kamasho za su riga kowa zuwa wurinka, kuma la'adarsu a cikin kuɗinka za ta fito. Gara ka shiga da sunan wanda kake nema a bakinka.

Mutane uku nake tambaya. Na farko mai fanel, wato mai gyaran jikin mota, ba bakaniken inji ba. Duk motar da ta yi hatsari ta hannunsa take bi, shi ke kiran mai gilashi, shi kuma ke ganin wanda aikinsa ke jawo tsatsa bayan shekara. Na biyu direbobin haya a tasha, masu Sharon da Hummer da ke bin dogon titi kullum. Ba wanda ya kai su fasa gilashi, kuma ba sa komawa wurin wanda ya ɓata musu rana. Sai dai ka lura, wasunsu araha da sauri suka fi dubawa, don haka ka tambaye su a fili: bayan an sa, damina ta wuce a kansa bai yi yoyo ba? Na uku dillalan mota, domin su ne suka san inda ake samun gilashin sababbin motoci masu kyamara. In sunan mutum ɗaya ya fito daga baki biyu cikin ukun nan, shi za ka fara gani.

Intanet na taimakawa wajen samun lamba da kwatance. Google Maps, Facebook da Jiji duk akwai masu tallan wannan aiki, wasu har gida suke zuwa. Ka yi amfani da su don jin farashi, ka tura hotunan da ka ɗauka ta WhatsApp ga mutum biyu ko uku. Amma kada ka tura kafin alƙalami ga wanda ba ka ga shagonsa ba. Hoton aiki a waya ba shaida ba ce, gani ya kori ji. A garejoji da yawa akwai shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA, kuma yana da kyau ka san ko mai aikin yana ƙarƙashin wani shugabanci, don in magana ta taso ka san inda za ka kai ƙara.

Masu gyaran tabo da ruwan gam sun fi masu canji wuyar samu, saboda ribar sayar da gilashi ta fi. Ka tambaya da sunan aikin: "Akwai mai cike tabon gilashi da allura?" Wani lokaci a wurin masu manna wa gilashi baƙar leda ko manyan wuraren wankin mota ake samunsu. Ka nemi ya nuna maka na'urar da ke manne wa gilashi da fitilar busarwa. Mai gaskiya zai gaya maka tun farko cewa tabon ba zai ɓace ɗungurungum ba, kuma akwai ɗan haɗarin tsagar ta gudu yayin aiki.

In a ƙaramin gari kake, akan aiko gilashi ta tasha. Ku yi magana ƙarara kan wanda zai ɗauki asara in ya fashe a hanya, a naɗe shi da kwali, a tsayar da shi a tsaye kada a kwantar. Ni dai na fi ganin ka tuƙa motar a hankali zuwa birni in tsagar ba ta hana gani ba, mai sayarwa da mai sakawa su zama a wuri ɗaya, don kada kowa ya tura laifi kan ɗan'uwansa.

Mataki na biyar: zaɓen gilashin

Za a gabatar maka da iri uku. Akwai sabo na kamfanin motar, mai tambarin Toyota ko Honda, shi ya fi tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. Akwai sabo na kamfanonin gilashi, irin su Pilkington, Saint-Gobain Sekurit, AGC, da na Sin kamar Fuyao da XYG. Akwai kuma na Beljiyam, wanda aka ciro daga wata mota.

Kada kalmar "ɗan Chana" ta tsorata ka kai tsaye. Fuyao na cikin manyan masu yi wa kamfanonin mota gilashi a duniya. Abin gudu shi ne gilashin da ba shi da suna ko tambarinsa ke gogewa da farce. Tambarin gaske a gashe yake cikin gilashi. Ka nemi kalmar LAMINATED, wato mai falle-falle, da alamar AS1 da lambar DOT in ƙa'idar Amurka ce, ko harafin E cikin da'ira tare da 43R in ta Turai ce. In ka ga TEMPERED, wato irin gasasshen nan na ƙofofi, ko AS2 a abin da aka ce gilashin gaba ne, ka bar shi.

Sannan ka gwada da ido. A ɗaga gilashin, ka kalli turken wutar lantarki ko gefen gini ta cikinsa, kana motsa kanka hagu da dama, sama da ƙasa. In miƙaƙƙen layi ya riƙa lanƙwasa kamar kana kallo ta cikin ruwa, wannan gilashi zai gajiyar da idonka ya sa maka ciwon kai a doguwar tafiya. Na Beljiyam kuwa ka fito da shi rana. Ka duba hujin yashi, da zanen da tsohuwar waifa ta bari, da gefuna: farin hazo a gefe alama ce ta cewa fallen biyu sun fara rabuwa, ɗan ɓantare a baki kuma tsaga ce mai jiran lokaci. Na Beljiyam mai kyau yakan fi sabo marar suna, amma sai ka zauna ka tantance.

Kafin a sa gam, a ɗora gilashin a mazauninsa a bushe a ga ya zauna daidai ko'ina. Farashi yana bin dala yana hawa da sauka, don haka ka ji daga wuri uku a rana ɗaya, kuma ka sa a raba maka: nawa gilashi, nawa gam, nawa robar gefe, nawa kuɗin aiki.

Ga masu Adaidaita Sahu da tsofaffin bas-bas ina da roƙo na musamman. Na ga inda aka yanka gilashin tagar gida aka sa a abin hawa saboda araha. Gilashin gida in ya fashe wuƙaƙe yake zama. Kada ka yarda a sa maka shi, fasinjanka da kai kanka ne a bayansa.

Mataki na shida: gam, wanda shi ne ainihin maganar

A nan na fi son mai karatu ya dakata. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504, da aka riƙa haɗawa a Kaduna, gilashinsu a cikin roba yake zama, da igiya ake jan leɓen robar a zaunar da shi. Motocin yanzu ba haka suke ba. Manne gilashin ake yi da jikin mota, ya zama wani ɓangare na ƙarfinta. Yana taimakawa wajen riƙe rufi in mota ta kife, kuma a motoci da yawa jakar iskar fasinja gilashin take fara duka kafin ta tare mutum. In mannewar ba ta da ƙarfi, a ranar hatsari gilashin ficewa zai yi gaba ɗaya. Yoyon da ya dame ni a damina ƙaramin abu ne a kan wannan.

Gam ɗin da aka yi don wannan aiki shi ne poliyuritan na gilashin mota, baƙi ne mai kauri, yana zuwa a bututun da ake sa wa bindiga. Sika da Betaseal na cikin sanannun sunaye. Silikon na masu tagar alminiyam da banɗaki ba shi da ƙarfin riƙe gilashin mota, kuma irin mai warin tsami yana cin ƙarfe ya kawo tsatsa. Wurin da silikon ya taɓa ma, gam na gaskiya ba ya kamawa sai an kankare shi tas. Don haka ka tambaya cikin ladabi: "Maigida, wane gam za ka sa? Don Allah a ba ni bututun in gani." Ka karanta jikinsa, ka duba ranar da zai lalace, ka tabbata a gabanka aka fasa bakinsa. Ka tambayi firaima, wani baƙin ruwa da ake shafawa kafin gam. Wanda ya ce maka firaima ba dole ba ce ko da wuƙa ta karce fenti, ka gode masa ka tafi. Ƙwararre ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, sau da yawa ma daɗi yake ji an san darajar aikinsa.

Ka tsaya a wurin yayin aiki. Za a cire waifa da murfin robar da ke ƙasan gilashi da madubi, a rufe dashbod da bonet da ƙyalle. Za a yanke tsohon gam da waya ko wuƙa ta musamman. Ba a kankare shi har ƙarfe, akan bar ɗan siriri kamar milimita 1 zuwa 2, saboda sabon gam ya fi kama tsohon ɗan'uwansa mai tsabta. In an buɗe an ga tsatsa, a dakata. Gam ba ya mannewa a kan tsatsa, sai mai fanel ya goge ya shafa magani ya bushe, ko da aikin zai kwana. Duk inda wuƙa ta karce fenti a shafa firaima. A goge baƙin layin da ke kewaye da sabon gilashin, kada kuma a sake taɓa wurin da hannu, domin maiƙon yatsa na hana kamu. Wannan baƙin layi ba ado ba ne, shi ke kare gam daga hasken rana.

Sai a zuba gam a layi ɗaya mai tsini, ba yankewa, ba giɓi, musamman a kusurwoyi. Mutum biyu su ɗauki gilashin su ɗora sau ɗaya cikin 'yan mintoci kafin gam ya fara yin fata, su danna a hankali, a riƙe shi da tef ta sama. In ana aikin a fili kuma iska na kwaso ƙura, ka nemi a shiga rumfa.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman a Arewa. Wannan gam da damshin iska yake bushewa. A damina yana kamawa da wuri, amma a hunturu, da iska ta bushe ƙayau ga sanyi, yana ɗaukar lokaci fiye da yadda aka saba. Wasu nau'o'in an rubuta musu sa'a ɗaya kafin tuƙi, wasu sa'o'i da yawa. Ka karanta abin da ke jikin bututun, in hunturu ne ka ƙara a kai. Ni in da hali barin motar nake yi ta kwana.

Mataki na bakwai: gwaji kafin biya, da kwana biyun farko

Kafin ka cika kuɗi, ka zagaya motar. Tazarar da ke tsakanin gilashi da jiki ta zama daidai hagu da dama, robar gefe ta kwanta, lambar chasis ta fito ta tagarta, waifa su koma mazauninsu kada su riƙa dukan gefe. Bayan gam ya kama, ka zauna a ciki wani ya zuba ruwa a hankali daga rufi yana gangarowa, ba da injin wanki mai ƙarfi ba, kai kuma kana shafa kusurwoyi da ƙasan dashbod. A kan titi ka kashe rediyo ka saurara: fito ko shuuu na iska daga gefen gilashi alamar giɓi ce.

In motarka mai kyamara ce, aiki bai ƙare ba sai an saita kyamarar da kwamfuta, saboda ɗan karkacewa kaɗan na iya sa ta yi kuskuren auna layi ko tazara. Ba kowane mai gilashi ke da kayan wannan ba. Ka tambaya tun kafin a fara, in ba shi da su ka nemi garejin da ke da su ko wakilin kamfanin motar. Fitilar gargaɗi a dashbod bayan canjin gilashi ba abin da za a goge a manta ba ne.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago, sunan gilashi, sunan gam da kwanan wata, a rubuta a jiki cewa in ya yi yoyo za a gyara kyauta. In a rani aka yi aikin, ka nemi alkawarin ya kai har ruwan farko, don a nan ne gaskiyar aiki ke fitowa.

Kwana ɗaya zuwa biyu na farko ka bar gilashin gefe a ɗan buɗe kamar faɗin yatsa, domin iskar da ke matsewa in an rufe ƙofa tana tura sabon gilashi waje. Ka bar tef ɗin a wurinsa, kada a kai motar wanki, ka guji hanya mai gargada. Ka sayi sabuwar waifa a ranar, ka cika tankin ruwanta. Tsohuwar waifa a kan ƙurar hunturu ba tare da ruwa ba tamkar sanfefa ce, cikin wata guda za ta zana maka baka biyu a sabon gilashi.

In na ƙofa ne ko na baya

Wannan ya fi sauƙi, amma ka sa a buɗe bangon ƙofar a kwashe ɓaraguzan da suka zuba ciki, in ba haka ba za su riƙa ƙara su kuma ci injin ɗaga gilashi. A gwada ɗagawa da saukewa sau da yawa kafin a mayar da murfi. Na baya yana da siraran layukan da ke kore raɓa, a wasu motocin har da eriyar rediyo, don haka a haɗa wayoyinsu a gwada a gabanka. In gilashin da aka kawo mai duhu ne, ko kana son a manna baƙar leda, ka tuna cewa a Najeriya gilashi mai duhu yana da dokarsa tun 1991, kuma 'yan sanda ne ke ba da izininsa. Ledar da aka manna sabuwa tana son 'yan kwanaki kafin a fara sauke gilashin, don haka ka tambayi mai mannawa ranar da za ka iya taɓa makunnin.